Takardar da Malam Sale Bai Aika Ba

Rahina Abdulmuhaimin,
Pleasant Garden,
22 ga Satumba, 2025.

Zuwa ga Alhaji Zubair Ɗanladi,
Shugaban Ƙungiyar Zumuntar Hausawan Greensboro.

Ranka ya daɗe,

Game da: Rashin aika takardar neman ɗage mini jarrabawar lasisin dillancin gidaje

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ce Rahina, matar marigayi Malam Abdulmuhaimin. Ina kawo kukana a kan sakataren ƙungiya, Malam Sale, kuma Allah ya sani ba da son raina nake rubuta sunansa ba.

1. Na kammala karatun dillancin gidaje na awa saba'in da biyar, aka ba ni satifiket ranar 25 ga Agusta, 2022. Haihuwa da aikin sito a titin Wendover suka hana ni zama jarrabawa sai bana. An ba ni kwana ɗari da tamanin in ci ta, wa'adin zai cika 6 ga Satumba. Ranar 8 ga Afrilu na ci ɓangaren dokokin ƙasa, na faɗi na dokokin jiha da tambaya biyu kacal. Marigayi ya yi ta tsokanata, wai na san Amurka kaf amma na ɓata a ƙofar gida. Na sake yin rajista, aka sa mini 20 ga Mayu.

2. Ranar Lahadi, 11 ga Mayu, Allah ya yi masa rasuwa. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma.

3. Ranar sadakar uku, a gabanka da gaban liman, maƙwabciyata Anti Yasmina ta tayar da maganar jarrabawar a madadina. Ka umarci Malam Sale ya rubuta wa ofishin jarrabawa da sunan ƙungiya, ya bayyana musu mece ce takaba, ya roƙi a ƙara mini lokaci. Daga ɗaki na ji shi ya amsa da cewa an gama, in sha Allahu. Na riƙe wannan magana hannu bibbiyu. An ce mini mai takaba na iya fita don lalura, na kuma fita aiki saboda yara su ci abinci, amma kaina ba ya ɗaukar ko layi ɗaya na karatu, ga shi na sakankance takarda ta tafi.

4. Na fita takaba 17 ga Satumba, bisa lissafin watan Musulunci. Washegari na je ofishin jarrabawa. Ma'aikaciyar da na tarar, wata mai suna Lucia, ta duba kwamfuta ta ce babu takardar kowa a fayil ɗina. Wa'adina ya cika kwana goma sha biyu da suka wuce, ɓangaren da na ci ya rushe, satifiket ɗina kuma ya haura shekara uku, wanda ke nufin sai na koma aji daga farko. Ta yi mini ta'aziyya, ta miƙo mini ruwa. Na zauna a mota kusan awa guda ban iya tayar da ita ba.

5. Da na kira Malam Sale, bai musa ba. Ya ce ya rubuta takardar tun watan Mayu, tana nan a jakarsa. Lambar rajistata ce ba shi da ita, kuma ya ji nauyin buga wa matar abokinsa waya tana cikin takaba. Ni ma abin da ya hana ni kiransa ke nan. Ranka ya daɗe, yana da mata, ni ma ina da Anti Yasmina, da sun isar mana da saƙon, amma duk cikinmu babu wanda ya tuna da haka. Wannan ne yake ci mini rai.

Ba zan iya komawa aji ba. Wancan karon marigayi ne yake zama da yaran kowace Asabar, shi yake yi mini tambayoyi daga katunan da ya rubuta da hannunsa. Yanzu daga ni sai yara uku da tsayuwar awa goma a sito.

Lucia ta ce zan iya ɗaukaka ƙara kafin 6 ga Oktoba, amma ta nanata cewa ba ta yi mini alkawarin komai ba. Don haka ina roƙon ka karɓi takardar daga hannun Malam Sale, kai da liman ku sa hannu, ku rubuta gaskiyar dalilin jinkirin, sannan wani babba ya raka ni in kai ta. Ba na neman a tozarta Malam Sale. Shi ya yi wa mijina wanka.

Ga lambar rajistar tawa, don kada kunya ta sake hana kowa tambaya: 407718.

Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri.

Taka mai biyayya,
Rahina Abdulmuhaimin