Jan Biron da Ya Hana 'Yata Allurar Ƙyanda

Zuwa ga Shugaban ɗakin gwajin jinin da ke layin bayan kasuwa, Gyadi-Gyadi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Ni uwa ce daga Unguwar Gano, kuma raina a ɓace yake.

Na ɗaya. 'Yata Ilham ta yi zazzaɓi bayan an yi mata allurar rigakafi, likita ta turo mu wurinku gwajin CRP, wanda ke nuna ko akwai kumburi a jiki. Ma'aikacinka ya zagaye sakamakon da jan biro, ya tambayi mijina ko an yi wa yarinyar allura kwanan nan, sannan ya girgiza kai ya miƙo takarda. Iyakar bayanin ke nan. Haba Malam! Mutumin da ya baro ƙauye yake tuƙa adaidaita sahu, me kake so ya fahimta daga girgiza kai?

Na biyu. Da na koma asibiti, likita ta ce wannan gwajin ba ya faɗin abin da ya jawo kumburin. Mura na ɗaga shi, ciwon kunne na ɗaga shi, ita kanta allurar takan ɗaga shi kaɗan ya sauka. Abu ya biyo bayan allura ba shi ne allurar ta jawo shi ba. A ƙasan takardar taku ma an rubuta maleriya, amma ita ba a zagaye ta ba. Maganin maleriya Ilham ta sha ta warware.

Na uku. Kafin nan mijina ya riga ya nuna takardar a tashar adaidaita ta Tarauni, wani ya ɗauki hotonta. Jiya hoton ya dawo wayata daga zauren matan Islamiyyarmu, haɗe da muryar wata baiwar Allah tana salati, wai rigakafi ya ƙona jinin yarinyar har ta rasu. Ina sauraro, mamaciyar tana kan cinyata tana tsotsar lemo.

Yanzu mijina ya rantse ba mai ƙara taɓa ta da allura. Na yi bayani har bakina ya gaji. Shi jan biro ya gani da idonsa.

Roƙona: ka hana ma'aikatanka fassara sakamako da ka da gira. In za su zagaye, su zagaye duka, su ce a kai wa likita. Kuma wanda ya girgiza kan nan ya kira mijina ya warware masa, don maganarsa kaɗai zai ji.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare naka 'ya'yan. A yi da sauri don Allah. Lokacin allurar ƙyandar Ilham ya yi, kuma ƙyanda ta kwantar da yaran gidan da ke kallon namu.

Wassalam.

Maman Ilham,
Unguwar Gano.