Amfilifayar Masallacin Kalmalo

Daren Laraba, Illela

Yau ma Yaya Bello ya ci mini fuska a shagonsa. Ladanin Kalmalo ya kawo amfilifayar masallacinsu, murya tana fita a shaƙe. Sau uku Yaya yana canza transisto, ɗan abin da ke ƙara ƙarfin murya a cikinta, ba ta gyaru ba.

Sai na jawo takarda na zana yadda wuta ke bi a cikinta, na yi abin da aka koya mana a makaranta. Na cire transiston daga zanen, na sa madadinsa, wato resisto da mafarin wuta, don lissafi ya yi sauƙi. Lissafin ya nuna mini ba laifin transisto ba ne, wutar da ake ba shi ce ta gaza.

Yaya ya leƙo ya ce, "Mi kake zane haka? Da biro ake gyara?" Maƙwabta suka kwashe da dariya.

Da Yaya ya fita cin abinci, na auna resiston da nake zargi, wanda ke daidaita wutar da ke zuwa ga transiston, na tarar ya lalace, na canza shi. Murya ta fito tas.

Ladan ya dawo yana ta sa albarka. Ina tsaye Yaya ya ce masa, "Ai Malam, wanga aiki sai wanda ya daɗe cikinai, ba 'yan takarda ba."

Bayan ladan ya tafi, Yaya ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada maƙwabta su ji, ya ce, "Wanne ka canza?"

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na nuna masa.