Baƙon Bakin Ƙofa da Ɗigon Limbani

Zuwa ga jikata Tiyamike, a makarantar kwana, Zomba.

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Maƙwabciyarmu Naphiri ce ke riƙe da biro, bakin nawa ne.

Bayan haka, an karanta mini takardarki. Wai za ki bar makaranta, don tun da muka binne mahaifinki lissafi ya ƙi shiga kanki. Ke amaryata, ban yarda ba. In kin dawo, ko tuwon nsima ba zan ci daga hannunki ba.

Naphiri ta karanta mini abin da ya kayar da ke, 0.4(x + 5) = 3.2. Ni ban san baƙi ba, amma shekaru na yi ina saƙar tabarma a gindin mangwaro, mahaifinki Limbani yana koya wa yaran gari wannan abu. Cewa yake: “Lambar da ke wajen baka baƙuwa ce a bakin ƙofa. In ta shiga, kowa na ɗakin za ta gaisar, ba na farko kaɗai ba. Ku 'ya'yan wane ne da ba ku iya gaisuwa ba?” Ki duba, ko biyar ɗin nan kika bari ba gaisuwa.

Kakanki, Agogo Kachingwe.

*

Agogo,

Ina gaishe ka da girmamawa. Angon da ba haƙori, ashe kunnenka na aiki! Haka ne, x kaɗai nake ninkawa. Da na gaishe da biyar sai ta zama biyu, na cire ta daga kowane ɓangare, saura 0.4x = 1.2.

A nan na tsaya na yi ta kuka, don muryar Baba na ji. Akwai maganar da yake yi a kan ɗigon nan na 0.4, yara su yi ta dariya. Na neme ta na rasa. Malamarmu ta nuna mini hanyarta, kaina ya ƙi ɗauka. Tasa nake so. Ka aiko mini, in ba haka ba motar Asabar za ta kawo ni gida.

Taka, Tiyamike.

*

Tiyamike,

Ina amsa gaisuwarki. Na jinkirta ne don ina nema.

Kin san ni. Ni ake kira in an yi gardamar iyakar gona, ni ke jero kakanninmu a wurin makoki. Na koma gindin mangwaron na zauna, na je kabarinsa na tambaye shi. Maganar ɗigo ta tafi, jikata. Sunayen mutanen da ban taɓa gani ba suna nan daram, maganar ɗan cikina ce ta zube. Naphiri ta ce in ƙirƙiro wata, ba za ki gane ba. Na ce ta rubuta abin da na faɗa ko ta ajiye biron. Ba na sa wa mamaci magana a baki.

Abin da ya rage mini hannuwansa ne. Yakan ɗaga su duka biyu, yatsu a baje, ya juya dama, ya sake ɗaga su ya juya hagu, alli duk ya ɓata masa riga. Ban san ma'anarsa ba. Iyakar abin da nake da shi ke nan.

In za ki zo Asabar, ba zan hana ki ba. Ba ni da bakin hanawa yanzu.

Ubangiji ya tsare ki.
Agogo.

*

Agogo,

Ina gaisuwa. Yatsu goma ne. A ninka dama da goma, a ninka hagu da goma, ɗigo ya faɗi: 4x = 12, x uku ce.

Maganar ba ta dawo mini ba, ni ma. Kada ka je tasha ran Asabar, muna da jarrabawa Litinin.

Taka, Tiyamike.