Gangar Baba tana rataye a ɗakinka

Bande, watan Mayu 1971

Zuwa ga ƙanena Manzo, a Yamai.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya same ka lafiya kai da iyalinka, Ya tsare ku daga ciwon nan na amai da zawo da ya sauka mana. Inna tana nan da sauƙi, sai ƙafa. Mun binne Tamu matar liman da jikokinta, Allah Ya jiƙansu. An hana cin kasuwa, an hana gayya, har zaman makoki likita ya ce a taƙaita. Ajin da nake koya wa mata karatu ma a rufe yake.

Jiya na tsaya ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida, sai na tuna lokacin da Baba yake sarkin noma. Ka tuna safiyar da ruwa ya kwana? Yakan fita ba takalmi, mu biyu muna binsa, ya durƙusa a gona ya tona da hannu. In danshi ya tsaya a tafinsa, ya kakkaɓe ya dawo ya sha furarsa, kowa ya bar irinsa a rumbu. In danshin ya bi shi har gwiwar hannu, sai ya aika wa Baƙo makaɗi ya ɗauko gangar noma. Kafin hantsi ka ga mutanen ƙauyuka da na rugage sun fito da sungumi, ba wanda ya taka ƙofar wani don ya ce masa lokacin shuka ya yi. Kai kakan yi rawa har wandonka ya zame, Baba yana dariya yana cewa wannan ɗa alƙalami zai riƙe. Bai yi ƙarya ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki nawa alƙalamin. Malamin gona na nan yaron kirki ne, amma hannunsa a ɗaure yake. Ba shi da izinin tara mutane. Ya manna takardu a bango, awaki ne kawai suka amfana. Ya bi ƙauyuka a kan keke, aka riƙa rufe masa ƙofa, wai yana yawo da ciwon a tayarsa. Rediyon ƙungiya na ɗauko daga ɗakin taro na ɗora a kan katanga, maƙwabta kaɗai suka ji shirin manoma kafin pil, wato batirinsa, ya mutu. Makon jiya aka yi ɗan yayyafi, Hammadu na ruga ya zuba rabin geronsa a ƙasa, rana ta cinye. Ya zo ya tsaya daga nesa ya ce mini ya kasa kunne bai ji ganga ba, amma da ya tuna Baba ya rasu sai ya yi zaton ba za a sake jinta ba. Mutane da yawa suna kwance, irin da ya rage musu na shuka ɗaya ne. In suka bi ruwan ƙarya, wanda ciwo ya bari yunwa za ta same shi.

Na yi magana da malamin gona, ya yarda shi zai tona, Baƙo ya kaɗa. Saura ganga. Bayan sadakar Baba ka ɗauke ta ka ce za ka adana, na bar maka. Yanzu Mamadu direba ya gaya mini tana rataye a ɗakin baƙinka, abokan aikinka suna shafa ta suna yabon al'adar gargajiya. Na karanta littattafan da suke karantawa, Manzo, ban ga inda aka ce ganga hoto ce ba. Ka sauke ta ka ba Mamadu, kamiyonsa na kaya yana zuwa Magariya, nan kusa da mu. In fatar ta bushe, kada ka damu, an yanka akuya, akwai sabuwar fata.

Ka gaida Gimbiya da yara, da kawu Zakari in kun haɗu. Inna ta sa maka albarka. Baƙo ma yana gaishe ka. Ciwon ya kayar da shi amma ya tashi, kullum yana gwada hannunsa a gindin turmina. Sautin bai wuce rijiya ba, gabas kuwa ta fara haɗa hadari.

Yayarka,
Hinda