Ɓarawon da Ya Yi Sallama

Zuwa ga yayana, Marigayi Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, albishir na kawo maka. Fim ɗina na kammala karatu ya samu karɓuwa, za a ba ni digirina a nan Guangzhou ta ƙasar China. Ka yi haƙuri da rawar kaina, yau ƙafata ba ta taka ƙasa.

Ka tuna kaset-kaset ɗin Italiya da kake kwasowa gida daga shagonka na hayar finafinai? Babu mai ɗaukarsu, kowa Indiya yake so. Sai ka zaunar da ni kana fassara mini, alhali ko kalma ɗaya ta Italiyanci ba ka ji. Ɓarayi ne za su yi shiri kamar na yaƙi, ga duhu, ga kiɗa mai tsinka zuciya, sannan su ɓata komai da hannunsu. Kakan ce, "Hadiza, dubi fuskarsa. Shi bai san abin dariya yake yi ba, shi ya sa muke dariya."

Ni kuwa fim mai ban tsoro na shirya, na wasu ɓarayi da za su fasa shagon tufafi a kasuwar Shisanhang. Malamina ya ga somin-taɓin, ya ce kwaikwayon na wasu ne kawai, in ban gyara ba sai na maimaita shekara. Tallafin karatuna kuma bana yake ƙarewa. Da na faɗi, da gida zan dawo hannu rabbana.

'Yan wasa ba ni da su sai 'yan kasuwarmu na gida da ke zuwa sari a nan. Shugaban ɓarayin Alhaji Isufu ne, mutumin Maradi mai sarin jallabiyoyi, dattijo mai kamala. Muka naɗe masa fuska, ya lallaɓo bakin shagon. Da ya ga kafet a ƙasa sai ya tsaya, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama. Na ce a sake, ya sake yin sallamar, har da ƙarin wa barakatuhu. Ya shiga, ya ɗaga rigar da zai sata, ya murza yadin, ya juya wajen laoban, wato mai shagon, ya tambaye ta ko akwai ruwan toka. Ta ce meiyou, babu. Yaya, ciniki ya kaure a tsakiyar fashi!

Na koma bayan kwalaye zan yi kuka, sai maganarka ta faɗo mini. Na leƙa Alhaji, ko alamar murmushi babu a idonsa, shi da gaske yake. Daga nan ban ƙara gyara kowa ba. Na bar duhun, na bar kiɗan tsoron, na bar kowane ɓarawo da halinsa na gida. Wani Bakano da muka sa ya yi wa ɓarayin leƙen masu gadi har dabino ya raba wa masu gadin.

Ranar da aka haska fim ɗin, zauren cike yake da ɗalibai 'yan China. Alhaji na tuɓe takalmi aka yi tsit, sai kuma wurin ya ɓarke da dariya. Malamin nan da ya so kayar da ni sai da ya cire tabarau yana share ido. Wallahi na ji daɗi, kuma na yi kewarka.

Sunanka na sa a ƙarshen fim ɗin. Da muka fito Alhaji ya tambaye ni wane ne Sanusi, na gaya masa. Nan take ya tara ɓarayina duka a bakin zaure, suka ɗaga hannu suka yi maka Fatiha, 'yan China na wucewa suna kallo.

Allah Ya jiƙanka, Yayana. Ya yalwata kabarinka, Ya sa ka cikin masu dariya ranar da za a tashe mu.

Ƙanwarka mai alfahari da kai,
Hadiza