Sunan da ke Kan Katin

Legas, 3 ga Maris

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da yara da su Kaka da duk mutanen Yashe. Yaya ƙafar taka? Kada ka ce ta warke, na san halinka.

Na iso lafiya. Yarinyar tamu tana asibiti har yanzu, tun da ta haihu jini bai tsaya mata sosai ba. Jaririn kam tubarkalla, da hancinka ya zo, Allah Ya ba shi haƙuri. Mijinta Sagir yana can wurinta, ni ce mai kai abinci kullum da safe.

Malam, garin nan mota ba ta san kuɗi ba. Babbar motar da ke kai ni asibiti sai da wani kati kamar na zaɓe. Ka kara shi jikin wani ɗan akwati, ya yi ƙara, ya kawo kore, sannan ka wuce. Ni da nake cinikin kuɗin mota da direbobin Kankiya har su gaji su rage, ga ni gaban akwatin da ko sannu ba ya amsawa. Katin yarinyar ne Sagir ya ba ni, ya nuna mini motar sau biyu. Ban da ita ban san wata hanya ba.

Jiya yarinyar ta riƙe hannuna tana tsokanata, wai shekara ashirin da shida ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba, in faɗa ko sau ɗaya ta ji. Na zare hannuna na ce ta ci tuwonta. Ina aka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗiyar fari? Birni ya ɓata ta.

A gaida kowa. A sa mu a addu'a.

Taka,
Kulu

Legas, 9 ga Maris

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta yara. Yaya haƙuri? Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

A waya na kasa magana, shi ya sa na rubuto. Akwai abin da Sagir bai gaya maka ba, don shi ma bai sani ba.

Ranar Talata da hantsi ya kira ni, ya ce in zo maza, yarinyar tana nemana. Na isa tasha, na kwance haɓar zanena. Malam, a nan na ƙulle katin. Tsoron ɓarayi ya sa na naɗe shi na ƙulle tamau, yadda nake yi wa kuɗin daddawa. Ashe ya tsage. Na kara, ja. Na sake karawa, ja. Na miƙa wa direba kuɗi, ya girgiza kai, mutanen bayana suna ta faɗa da yarensu.

Wani mai goro ɗan Dutsinma ya kai ni wurin matar da ke ba da kati, ya yi mini tafinta. Ta ce abu mai sauƙi ne, in faɗi sunan mai katin ta duba, ta ba ni sabo. Motar tana tsaye ana shiga.

Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Na ce na ɗiyata ne. Ta ce suna take so. Na ce matar Sagir. Mai goron ya gane, ya sunkuyar da kai yana roƙona. Wallahi ba taurin kai ba ne, harshena ne bai san hanyar sunan ba. Kafin in iya, motar ta rufe ƙofa ta tafi. Ta bayanta sai da ta kusa awa guda kafin ta zo.

Na tarar an rufe ta da zane. Sagir ya ce har ƙarshe ƙofa take kallo.

Zuciyata ta karye, Malam. Na faɗi sunan nan daga ƙarshe, da ƙarfi, har sau biyu don matar ba ta ji na farkon ba. Baƙuwa ta ji, mai goro ya ji. Mai sunan da ta roƙe ni ba ta ji ba.

Bayan addu'ar bakwai zan taho da jaririn, Sagir ya yarda. A zo a tarbe mu a tashar Kankiya. A gaida su Kaka, a ce su yafe mata.

Taka,
Kulu, uwar Halimatussa'adiya