Na Gyara Gonata, Aka Hana Ni Tallafi

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, zuciyata ta ƙi yin sanyi. Ni manomi ne. Gonata da ta yayana a jere suke a bakin rafi, gadon mahaifinmu ne aka raba mana. Bana ruwa ya yi ambaliya ya kwantar da masararmu duka, tana cikin goyo. Da ruwan ya janye, na kasa zama ina kallon ruɓa. Ni da matata muka shiga taɓo har gwiwa, muka tuge karan muka tara a gefe. Na sayar da akuyarta na sayi irin wake mai saurin nuna, muka shuka. Yayana kuwa ko fartanya bai ɗaga ba. Kullum yana gindin bishiya yana yi min sannu da aiki, ni kuma a raina ina tausayin lalacinsa.

Ashe ni ne abin tausayi. Sai ga ma'aikatan gwamnati a mota, sun zo duba gonakin da ruwa ya ci don a ba da tallafi. Suka ɗauki hoton gonar yayana tana wari, suka juyo kan tawa suka gan ta kore shar. Ɗayansu har barka ya yi min, wai ni Allah ya tsare ni. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe, ya ce abin da ido ya gani suke rubutawa. An biya yayana, ni ko sisi.

Abin da ya fi ci min rai, daga baya na ji cewa ya san za su zo, surukinsa ne ya tsegunta masa kada ya taɓa gonar. Uwa ɗaya uba ɗaya, yana kallona ina tuge shaidata da hannuna, bai gargaɗe ni ba. Tun ranar ban taka gidansa ba, kuma a can mahaifiyarmu take, ga tsufa ga ciwon ƙafa. Tana ta aikowa in zo, ina cewa aiki ya yi yawa. Matata ba ta ƙara maganar akuyarta ba, kuma shirun nan ya fi faɗa zafi. Wallahi baɗi idan ruwa ya sake ci, naɗe hannu zan yi in jira mota.

Manomi mai takaici

Ɗan'uwa, takaicinka a kan hanya yake. Tsarin da zai biya wanda ya zauna ya tsallake wanda ya tashi yana buƙatar gyara, ko da yake ma'aikatan abin da aka aiko su su yi suka yi. Idan tarin karan nan yana gefen gonar, kada ka ƙone shi. Ka sami malamin gona ka nemi a sake dubawa. Ban ce lallai za a biya ka ba, amma gwadawa ba asara ba ce.

Batun yayanka kuwa, ji ka yi, ba ka tambaye shi ba. Wataƙila shi ma jita-jita ya ɗauki maganar. Ka same shi ku biyu kawai. Idan ya sani ya yi shiru, ya cuce ka, ka faɗa masa ido da ido. Sannan ka nemi ya raka ka ofis ya ba da shaida, don babu wanda ya ga wahalarka kamar shi. Amsar da zai ba ka za ta nuna maka ko wane ne yayanka.

Maganar naɗe hannu ka bar ta, motar nan ba kowace shekara take zuwa ba. Idan waken ya nuna, ka fara mayar wa matarka da akuyarta.

Amma kafin duk wannan, ka je ka gaida mahaifiyarka yau. Ba ita ta ɗauki hoto ba, ba ita ta ɓoye maka magana ba, amma ita kake hukuntawa. Tallafi ana iya sake dubawa, ita kuwa ba ka san ranar da za ta daina aikowa ba. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sa wa waken albarka.